Shamuwar da Baba Ya Bari a Bango

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifinmu ya koma ga Mahaliccinsa wata Laraba da hantsi, a ƙarshen bazara, lokacin da kowa a Zariya ke ɗaga kai yana duban gabas ko hadari ya fara haɗuwa. Magini ne, mai zanen bango da ƙasa, irin waɗanda suka kusa ƙarewa a cikin birni. Ban ɗauki alƙalami don in ce ba shi da aibi ba. Yana da taurin kan da ya isa a raba wa mutum uku, kuma zan faɗe shi yadda yake. Abin da nake gudu shi ne a wayi gari yara suna jingina da bangon lungunmu ba su san hannun wa ya taɓa shi ba.

Kafin a gama yi masa wanka gida ya cika. Mai ƙosan bakin lungu ta shigo ko mayafi ba ta yafa daidai ba, ta bar kaskonta a kan wuta, sai wata ce ta je ta sauke mata. Masu ɗinkin hula da ke zama a gindin bangon suka naɗe tabarminsu suka kawo zaure don baƙi su samu wurin zama. Wani tsoho daga Wusasa, wanda Baba ya taɓa gyara wa ɗakin ƙasa, ya zo a bayan babur, ya tsaya a ƙofa ya cire hularsa yana ta girgiza kai. Bai iya cewa komai ba sai, "Kai, kai, kai."

Amma a tsakar gidanmu raɗa ta fi kuka yawa. Duk matar da ta shigo ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Ya haƙuri?" sai ta matsa gefe ta tambayi ta kusa da ita, "Malam ya shigo?"

Malam shi ne Baffa, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, limamin masallacin unguwarmu a nan Kwarbai. Gidanmu ƙofa ɗaya gare shi, kuma cikin lungu take buɗewa. A jikin bangon, dab da ƙofar zaure, Baba ya taɓa zana wata tsuntsuwa. A kanta Baffa ya rantse, shekaru da yawa da suka wuce, cewa ƙafarsa ba za ta sake taka lungun ba muddin tana nan. Babu wanda bai san da wannan rantsuwa ba a unguwa. Shi ya sa kowa ya zuba ido ya ga wadda za ta rinjaya, ita ko gawar wansa.

Bai shigo ba. Ya zo har bakin lungu ya tsaya a tsakiyar rana, ya dogara da sandarsa, ya aiko a fito masa da gawar. A filin masallaci ya sallace ta. Mijina ya ce da ya yi kabbarar farko muryarsa ta sarƙe, sai da sahu ya jira shi. Wannan bai sanyaya mini rai ba. Na ji haushin Baffa ranar har cikin ƙashina. Inna kuwa, da aka gaya mata, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jan carbinta. Gwaggo ce ta yi magana, yayarsu su biyun, wadda ke aure a Funtuwa, aka kawo ta a mota sai da aka riƙe ta ta shigo.

"Auta ke nan," in ji ta. "Ni na goya shi. Na san inda wuyansa ya ƙage."

A duniya ita kaɗai ke kiran limami mai farin gemu da Auta ya amsa.

Wanda ya san lungunmu yau ba zai yarda da yadda yake ina yarinya ba. Lungun Juji ake ce masa. Nan ake zubar da shara, nan kwata ke kwana, nan duk wanda fitsari ya matse yake raɓewa. An rubuta gargaɗi da gawayi a jikin bangon, mutane suka mai da ƙarƙashin rubutun wurin tsugunawarsu. Mai unguwa ya yi magana har ya gaji. In baƙo zai zo gidanmu, kunya muke ji mu yi masa kwatance.

Sai aka shiga shekarun da kowa ya koma bulo da siminti, aikin ƙasa ya yi wa Baba ƙaranci. Wani rani ya ari baro ya kwashe jujin shi kaɗai, ya jiƙa ƙasa, ya fara yaɓe bangon daga wannan kai zuwa wancan. Inna ta leƙa ta gan shi.

"Maigida, mutane suna zuba shara, kai kuma kana yi musu ado?"

"Ba su da abin da za su ji wa kunya a lungun ne," in ji shi. "Zan ajiye musu."

Baba ba ya zane a takarda. Yatsansa ne alƙalaminsa, yana ja a kan ɗanyen yaɓe, in bai yi masa ba ya shafe da tafin hannu ya sake. Ƙasarsa sai ta kwana ta kwana a jiƙe da ciyawa, kullum ya je ya ɗebo ya sansana. In ka tambaye shi yaushe za a fara, amsarsa ɗaya ce: "Ba ta nuna ba tukun." Kuma ɓarawon ado ne, ba ya ko ɓoyewa. Ya sata daga hular mutum a masallaci, ya sata daga bakin kwanon Inna. In na dawo biki da lalle a hannu sai ya kama yatsuna ya ce, "Uwata, tsaya, kar ki motsa." Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini, wadda muke ce wa Iya. Haka zan tsaya hannu a miƙe har ya gama haddacewa, in wayi gari in ga lallena a bango ya fi ni tsawo.

Ya yi dagi manya-manya masu sarƙe da juna. Ya yi takobi, ya yi keke, ya yi agogo wanda har yau hannayensa suna kan la'asar, don a cewarsa lokacin ne Inna ke miƙo masa fura. Ya bi wasu da farar ƙasa, wasu da shuni. Mu dai muna jira mu ga ranar da za a fara ɓata masa.

Ba a ɓata ba. Na ga mutum da idona ya shigo lungun a gurguje yana kwance tazuge, ya ɗaga kai ya ga dagin nan, ya ɗaure abinsa ya wuce. Shara ta ragu, ta zo ta daina zuwa. Masu ɗinkin hula suka gano inuwar bangon da sanyi, suka kawo tabarmi. Maƙwabcinmu ya ga ƙofarsa ta zama abin tausayi kusa da tamu, ya roƙi Baba ya taɓa masa ita, na gaba da shi ma ya ce ai ba za a bar shi baya ba. Wani ya ja waya ya rataya ƙwan lantarki. Tela ya buɗe shago a ɗakin da a da ba mai son haya. Amare suka fara zuwa ɗaukar hoto, ɗaliban jami'a suna zuwa da manyan takardu su zauna su kwaikwaya. Ban san ranar da sunan ya juya ba, na dai ji ɗan acaɓa yana tambayata, "Hajiya, Lungun Zane za a kai ki?"

Baba bai taɓa gadin bangonsa ba. In ya ga uwa tana hana ɗanta taɓawa sai ya ce, "Bar shi ya taɓa, ba ya cizo." Abu ɗaya ne ba ya yafewa, a manna masa takarda. Sanda 'yan siyasa suka liƙa hoton mutuminsu a kan keken, ya ɓamɓare shi a hankali, ya bi su har ofishinsu, ya miƙa musu ya ce sun manta kayansu a gidansa. Inna ta kwana biyu tana fargabar abin da zai biyo baya.

Mai ƙosan nan da ta bar kasko a wuta, daga wani ƙauye ta zo bayan rasuwar mijinta, da yara ƙanana, ba ta san kowa a birni ba. Ta fara suya a bakin lungu a kan duwatsu uku. Wasu suka ce hayaƙinta zai ɓata zanen, a kore ta. Baba ya fito ya dube ta, ya dubi bangon, ya koma ciki. Washegari ya gina mata murhu mai kyau da dakalin zama, ya juya bakin murhun yadda iska za ta kai hayaƙin titi. Da aka sake tayar da maganar sai ya ce, "Ni na ɗauke ta gadi. Wa zai zuba shara tana zaune?" A kan dakalin nan ta aurar da 'ya'yanta.

Sai dai zanen ƙasa ba siminti ba ne. Kowace shekara kafin ruwan farko sai an toshe tsagu, an sake yaɓe inda ya zaizaye, an bi shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwa shiga. In aka tsallake, damina ta cinye shi. Ranar yaɓe ta zama kamar ƙaramar salla a lungunmu. Maza su naɗe wando su taka ƙasa, mata su dafa makuba su miƙo ruwa, Baba a kan tsani yana yi wa kowa faɗa. Mutanen da ba sa ga maciji da juna sai ka gan su suna miƙa wa juna kwarya.

Tsuntsuwar ita ce abu na ƙarshe da ya ƙara, bayan rasuwar Iya. Shamuwa ce. Iya 'yar manoma ce, birni bai taɓa raba ta da ƙauye ba. Duk shekara in ta ga shamuwa ta sauka a kan rimi sai ta rangaɗa guɗa ta ce, "Baƙuwar damina ta iso, a fito da iri!" alhali ko kadada ba mu da ita. Baba ya yi ta daidai ƙirjin mutum, da dogayen ƙafafu da baki a ɗage.

Da farko Baffa a hankali ya yi magana, ya ce abu mai rai ne, a duba. Baba ya yi kamar bai ji ba. Sai wata rana Baffa yana wucewa ya ga wata mata ta shafa tsuntsuwar ta shafa wa jaririnta marar lafiya a fuska. Ina cikin zaure na kawo wa Baba abinci Baffa ya shigo, da wasu dattawa biyu masu bin sa salla a bayansa.

"Yaya, ka ga abin da nake gudu? Yau shafawa, gobe roƙo. Ban ce ka rushe komai ba. Ka cire mata kai kawai, in ba kai shi ke nan."

"Tsuntsuwar Iya zan yanka?"

"Iya tana kabari. Addu'a take buƙata, ba tsuntsu ba."

Na ga fuskar Baba ta sauya. Ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Auta," in ji shi, a gaban mutanen nan, "a kafaɗa nake kai ka makaranta kana zuba mini majina a ka. Yau kai za ka gaya mini abin da Iya take buƙata?"

Nan Baffa ya yi rantsuwarsa. Ya ƙara da cewa duk wanda ya sake ambatar bangon nan a gabansa, zai tashi ya bar masa wurin. Kuma ya cika. Ni da na girma na gane Baffa ba wauta ya faɗa ba, abin da ya gani ya isa ya tayar wa limami hankali. Baba ma ya sani. Kalmar Auta ce kawai ta riga ta fita, kuma babu mai iya mayar da ita.

Ba su yi gaba irin ta jahilai ba, da ma ita ce da ta fi sauƙi. Sau biyar a rana Baba yana bin ƙanensa salla. A idar, su yi musabaha, "Lafiya?" "Lafiya lau," kowa ya nemi takalminsa. Tuwon salla yana zuwa yana komawa. Amma Baffa, wanda tsakanin gidansa da masallaci lungunmu ne gajeriyar hanya, ya koma zagayawa ta bayan kasuwa, rani da damina.

Ga abin da Baffa bai sani ba, wanda duk lungu ya sani. Shekarar da yanar ido ta rufe masa gani aka kai shi asibiti aka yi masa aiki, Baba ya je ya dubo shi ya dawo bai ci abinci ba. Washegari ranar yaɓe ce. Ina riƙe masa da kwaryar ruwa ya zo kan shamuwar ya tsaya. Ya jiƙa kan nata, ya jira ƙasar ta yi laushi, ya ɗora babban yatsansa ya danna. Ya murza har kan ya tafi. Daga wuyan ya ja wani reshe mai ganye ya yi sama da shi. Ramin yatsan kuwa ya bar shi yadda yake, bai cike ba.

Farin ciki ya kama ni. Na ce, "Baba, in ruga in gaya wa Baffa?"

"Kul!" Ya juyo ya dubi duk waɗanda ke wurin. "Duk wanda ya kai masa labari ban yafe ba. Ni na yi nawa. Ya zo da ƙafarsa ya gani."

Wa zai ɗauki "ban yafe ba" ta Baba? Masu ƙarfin hali sun gwada zagaye-zagaye, amma da Baffa ya ji an nufi bango sai ya laluba sandarsa ya miƙe. Haka aka zauna. Rantsuwar ta faɗi tuntuni, mai ita bai sani ba, yana ta zagaye ta bayan kasuwa da idon da aikin bai gyara sosai ba. Wannan ne taurin kan da na ce zan faɗa. Na roƙi Baba ya janye ba sau ɗaya ba, sai ya ce, "Uwata, ƙafa gare shi."

Ciwon ajalin Baba bai daɗe ba. Kowace safiya Baffa yana zuwa bakin lungu ya tsaya, ya aiko a tambayi jiki, ya yi addu'a daga can. In na koma ɗaki Baba zai buɗe ido ya ce, "Ya shigo?" In ce, "Yana bakin lungu." Sai ya juya fuska bango. Safiyar Larabar ma ya tambaya.

Bayan sadakar uku babban wanmu, wanda ke aiki a Kaduna, ya tara mu a ɗakin Inna. Ba mugu ba ne, kuma ba ƙarya ya faɗa ba.

"Bana ba a yi yaɓe ba, kun ga tsagun da ke jikinsa. Wa zai riƙa yi? Ni ko kwaɓa ƙasa ban iya ba. Damina biyu ya faɗo kan 'ya'yan mutane, mu za a kama. A rushe shi a yi na bulo, a fitar da shaguna, Inna ta samu abin cefane."

Na ce, "Shagunan wa zai kama in lungun ya koma juji? Me kake tsammani ya kawo mutane nan?"

"Ke kina gidan mijinki. In ya faɗi ni za a kira."

"Ai da ya tsaya ma ba kai ake kira ba."

Ban ji daɗin faɗin haka ba a gaban Inna tana takaba, amma na faɗa. Mutanen lungu suka zo suka roƙi a bar su su yi yaɓen da kansu. Wanmu ya ce bango yanzu gado ne, ba mai sa masa hannu sai babba ya yi magana ranar sadakar bakwai. Babba kuwa shi ne Baffa. Kowa ya san inda bakinsa zai faɗi. Ga hadari ya fara taruwa kullum da yamma, ana jin ƙamshin ruwa daga nesa. Ko Baffa ya ce a rushe, ko ruwan farko ya riga shi.

Na rasa barci na rasa ci. Magana ɗaya ce a bakina da za ta iya ceton bangon, kuma mai hana ni faɗinta ya tafi inda ba zan iya roƙonsa ba. Ana gobe bakwai na kama hannun Gwaggo na ce ta zo ta sha iska. Na fito da ita ƙofar zaure na tsayar da ita gaban shamuwar, ban ce komai ba. Ta duba, ta matsa ta sake dubawa. Ta tambaye ni, na ba ta labari, don ita dai ba Baffa ba ce.

"Wawaye biyu Iya ta haifa," in ji ta, hawaye na bin kumatunta. Ta share da gefen zane. "Ya ce da ƙafarsa? To da ƙafarsa zai zo."

A zauren Baffa aka yi zaman, tunda shi ba zai zo namu ba. Bayan la'asar ne, gabas ta yi baƙi ƙirin. Wanmu ya yi bayaninsa. Ni da Gwaggo muna daga ƙofar cikin gida. Baffa ya yi gyaran murya.

"To, ra'ayina a kan bangon nan ba ɓoyayye ba ne. Tunda magada sun ga…"

"Auta, tashi."

Gwaggo ta shigo tsakiyar maza tana dafa bango.

"Yaya, ana magana ne."

"Na ji. Ka tsaya a titi aka fito maka da ɗan'uwanka kamar baƙo. Yanzu za ka rushe aikin hannunsa daga kan buzu? Tashi ka je ka dube shi, sannan ka faɗi abin da za ka faɗa."

"Na yi rantsuwa, kin sani."

"Tana wuyana. In ta kama ka ni zan yi kaffara."

"Idon ma ba ya gani."

"Hannunka fa? Shi ma an yi masa aiki?"

Ta kama hannun rigarsa. Na ɗauka zai fizge. Sai ya laluba sandarsa.

Kafin mu kai labari ya riga mu, lungun ya cika, amma ba ka jin ko tari. Iska ta taso tana kaɗa rumfar tela. A bakin lungu Baffa ya ja ya tsaya, daidai inda ya saba tsayawa, har sandarsa ta faɗa ramin da ta riga ta yi a ƙasa. Gwaggo ta sake shi. Ba wanda ya tura shi, ba wanda ya ce masa komai. Na ga leɓɓansa suna motsi, ya yi bismilla, ya ɗaga ƙafa ya taka.

"Uwata," in ji shi, "kai ni wurinta."

Na kama hannunsa na ɗora a kan ƙafafun shamuwar. Ya bi su sama da yatsu, ya shafa fiffiken, ya hau wuyan. Sai ya ci karo da ganye. Ya tsaya. Ya koma ƙasa ya sake biyowa, ya sake cin karo da ganye.

"Ina kan?"

Hannunsa ya ci gaba da lalube har babban yatsansa ya faɗa cikin ramin nan, ya zauna daram. Hannunsu iri ɗaya ne, na Iya suka ɗauko. Ba sai an gaya masa yatsan wa ya yi ramin ba.

"Yaushe?"

Tunda ya zo da ƙafarsa, bakina ya buɗe. "Shekarar da aka yi maka aikin ido, Baffa. Washegarin da ya dubo ka."

Na ga yana lissafin shekarun da yatsu.

"Duk safiyar nan da nake tsayawa can…"

"Yana tambaya ko ka shigo."

Na faɗa da zafi, don har lokacin haushin bai sake ni ba. Amma da na ga dattijon nan ya sulale ya zauna a ƙasa da farar rigarsa, hannunsa ɗaya na sama cikin ramin, yana kuka irin na yaro, sai haushin ya tafi, tausayi ya maye gurbinsa. Mai ƙosai ta rufe fuska da mayafi. Wanmu ya durƙusa ya ce, "Baffa, hadari ya taso, mu shiga daga ciki."

Baffa ya share fuska. "Akwai ƙasa?"

Ɗaya daga cikin masu ɗinkin hula ya matso. Ya ce Baba ya jiƙa ƙasar bana tun kafin ya kwanta, tana nan bayan shagon tela, kuma su ba su fasa zuba mata ruwa ba ko rana ɗaya. "Ta nuna, Malam," in ji shi.

Baffa ya warware rawaninsa ya miƙa mini. Ya tuɓe babbar riga, ya naɗe wando, ya ce a kai shi. Limamin da ban taɓa ganin ƙaurinsa ba ya shiga cikin taɓo yana takawa, mutum biyu suna riƙe da shi. "A yaɓe ko'ina," in ji shi. "Wurin yatsan nan kar wanda ya taɓa." Wanmu ya daɗe a tsaye yana kallo, daga baya na ga ya cire takalmi. Ban ce maganar shaguna ta mutu ba, amma ba a sake tayar da ita ba har yau. Hadarin ya yi ta gurnani ya wuce kudu bai zubar ba. Ruwan farko sai da makuba ta bushe ya sauka.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa taurin kansa, ya sa hannun da ya gyara wa mutane hanya ya zama sheda a gare shi. Allah ya ba Baffa haƙurin abin da ya wuce shi. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Ranar yaɓen, gab da magariba, Baffa ya wanke ƙafafunsa a ƙofar zaure, ya ce zai yi wa matar wansa gaisuwa, don bai yi ba tukun. Ina ɗaki tare da Inna muka ji takun sandarsa a zaure, sannan sallamarsa, a karon farko cikin shekarun nan duka. Inna, wadda tun ranar Laraba ban ji ta yi doguwar magana ba, ta ɗago kai. Ta ajiye carbinta, ta juya wajen gadon Baba da ba kowa a kai.

"To, Maigida," in ji ta, "ya shigo."